A Tare Rana Tun Daga Waje: Shawara Kan Kwanon Roba da Tagogin Rufi

Wata sabuwar al'adar gini tana shigowa garuruwanmu na ƙasar Gumel, daga Ɗanzomo da Sule Tankarkar har zuwa Gagarawa da Maigatari. Idan an zo rufin shago ko ɗakin taro ko aji, sai a tsarma fallen kwanon roba mai haske ɗaya ko biyu a tsakanin kwanon ƙarfe, domin hasken rana ya sauko cikin ɗakin. Dalilin masu yin haka a fili yake, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, ɗalibi kuwa ba zai karanta abin da ke allo cikin duhu ba. To, amma da zarar bazara ta kama sai murna ta koma ciki, a shiga neman tsumma ko labule a rataya ƙarƙashin wannan fallen. Ra'ayina shi ne wannan labule na ciki ihu ne bayan hari. Duk abin da za a tare rana da shi, a waje ya kamata ya zauna, kuma kayan yin sa suna nan a bayan garinmu.

Bari mu fara da lissafi, domin mu san girman abin da muke fama da shi. Da tsakar rana, idan gari ya yi garau, kowane murabba'in mita na abin da ke fuskantar rana yana karɓar ƙarfin da ya kai kimanin wat 1,000, wato kwatankwacin dutsen guga na lantarki. A ce fallen roba ya kai murabba'in mita 2, kuma yana barin kashi 80 cikin 100 ya wuce. Ke nan wat 1,600 ne ke kwarara cikin ɗakin. Jikin mutumin da ke zaune yana fitar da zafi na kimanin wat 100. Ashe falle ɗaya tal daidai yake da a ƙaro mutum 16 cikin ajin da ya riga ya cika.

Sa'an nan mu dubi inda Allah ya ajiye mu a doron ƙasa. Gumel tana kimanin digiri 12 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka sau biyu a shekara rana takan tsaya cak a tsakar kanmu, a ƙarshen watan Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta. Na farkon yakan faɗo ne a tsakiyar bazara, lokacin da ma'aunin zafi kan haura digiri 40. A irin wannan lokaci rufi ne ke shan dukan rana fiye da kowane bango. Duk wanda ya buɗe wa haske ƙofa a rufi, ya buɗe ta ne a daidai inda rana ta fi ƙarfi.

Me ya sa labulen ciki ba ya wadatarwa? Hasken rana ba iri ɗaya ba ne. Kusan rabinsa ne ido ke gani, sauran kuwa mafi yawansa wani haske ne ɓoyayye da masana ke kira infirared, wanda fata ke ji a matsayin zafi. Da wanda ake gani da wanda ba a gani, duk sukan ratsa gilashi da roba su shigo. Idan suka faɗa kan labule, labulen ya shanye su ya yi zafi, sa'an nan ya dumama iskar ɗakin, ita kuwa iskar rufi ya hana ta tashi ta fita. Labulen ya kare ido daga ƙyalli, gaskiya ne, kuma idan fari ne yakan mayar da wani kaso waje, amma mafi yawan zafin ya riga ya shigo gida. Tun a shekarar 1767 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Horace de Saussure, ya nuna ƙarfin wannan tarko. Ya haɗa akwati mai murfin gilashi ya ajiye a rana, cikinsa ya yi zafin da ya wuce na tafasar ruwa.

Su kansu Turawa, waɗanda muka aro wannan salon gini daga gare su, sun san da haka. A shekarar 1851 aka gina wani katafaren zauren baje koli na gilashi a birnin Landan, mai suna Crystal Palace, bisa zanen Joseph Paxton, wanda asalinsa mai kula da lambu ne. Domin rage zafi da ƙyalli, sai aka shimfiɗa yadi a saman rufin daga waje. Idan har Ingila, ƙasar hazo da sanyi, ta buƙaci haka, ina ga Maigatari a watan Afrilu?

Abu na gaba shi ne, hasken da aji ke buƙata bai taka kara ya karya ba. Ana auna haske da wani ma'auni da ake kira laks. Hasken tsakar rana a fili yakan kai laks 100,000, alhali ƙa'idojin gine-gine sun nuna laks 300 zuwa 500 ya ishi ɗakin karatu. Saboda haka ko an tare kaso mafi tsoka na hasken, abin da ya tsiyayo ta ƙofofin saƙa ya isa a yi karatu da rubutu.

A nan ne nake ganin rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Kakanninmu sun daɗe da ƙirƙiro asabari da zana. Asabari yana tare rana a ƙofar ɗaki, iska kuma tana ratsa shi. Zanar gamba kuwa ita ce rufin rumfar da dattawa ke hutawa a ƙarƙashinta da azahar. Busasshiyar ciyawa ba ta ɗaukar zafi ta watsa shi kamar yadda ƙarfe ke yi, domin tsakanin karanta cike yake da iska. Ga shawarata ga duk wanda ya riga ya sa kwanon roba: a kafa ɗan firam na itace ko ƙarfe a saman fallen, a ɗaure zana ko asabari a kai, a bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsu domin iska ta riƙa wucewa tana kwashe zafin. A zaɓi mai hasken launi, a guji baƙar leda da baƙin buhu. A ɗora shi daga watan Maris, a sauke idan hunturu ya shigo, lokacin da ɗumin rana ya zama abin so. Wanda bai sami zana ba, ya shafa wa fallen farar ƙasa daga waje, kamar yadda masu ɗakunan renon tsirrai na gilashi suke yi a ƙasashe da dama.

Na san akwai masu ja. Za su ce zana tana cin wuta, gara tana cin ta, iskar farkon damina tana yaye ta, kuma sai an riƙa sabunta ta. Ban musa ko ɗaya ba. Amma zanar da ke kan kwano, nesa da murhu da ƙasa, ta fi ta danga tsira daga wuta da gara, kuma ɗauri da waya mai ƙarfi yana maganin iska. Batun sabuntawa kuwa, ita ma roba ba ta dawwama: wani ɓangare na hasken rana yana cin ta a hankali har ta yi ja ta tsattsage, inuwar zana kuwa tana ƙara mata kwana. Ban da haka, kuɗin zana aljihun masaƙinta na ƙauye yake shiga.

Ga wanda bai riga ya yi gini ba, rigakafi ya fi magani. Maimakon huda rufi, a buɗe tagogi a can saman bango, ƙarƙashin bakin rufi, a ɓangaren arewa da kudu. A wurinmu, wajen wata takwas na shekara rana takan karkata kudu da tsakar rana, don haka tagar arewa tana samun haske ba tare da duka ba. Ko a sauran watannin, karkatarta arewa ba ta wuce digiri 11, ɗan bakin rufi ya isa ya kare. Irin waɗannan tagogi suna kuma fitar da iska mai zafi, wadda ɗabi'arta ce tashi sama.

Gabas da yamma kuwa a bar wa itatuwa. Ganye labule ne mai rai. Yana shan hasken da yake haɗa abinci da shi, yana mayar da kaso mai yawa na infirared, sa'an nan yana fitar da tururin ruwa ta ƙananan kafofinsa. Kowace lita ɗaya ta ruwa da ta zama tururi tana tafiya da zafi na kimanin kilojul 2,400. Shi ya sa inuwar darbejiya ta fi ta rumfar kwano sanyi. Mu tuna da gawo ma, wanda ke zubar da ganye da damina, ya yi lif da rani, daidai lokacin da aka fi buƙatar inuwa.

Ina kira ga malaman kimiyya da kada su karɓi maganata haka kawai. A samo kwali uku masu girma ɗaya, a rufe bakin kowanne da farar leda mai haske, a sa ma'aunin zafi a ciki. Na farko a bar shi haka, na biyu a sa masa ƙyalle a ƙarƙashin ledar, na uku a ɗaga guntun asabari a samansa da tazara. A jera su a rana daga ƙarfe 12 zuwa 1, ɗalibai su riƙa rubuta abin da ma'aunin ya nuna duk bayan minti 10. Sakamakon da suka samu da hannunsu, shi za a kai gaban shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai kafin a sake sayen kwano ko labule.

Zafin da yankin Sahel ya gani a watan Afrilu na 2024, inda garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, ya ishe mu gargaɗi. Yaron da gumi ke ɗiga kan littafinsa bayan tara, ba zai fahimci darasi ba kome ƙwazon malaminsa. Allah ya sa mu gane amfanin abin da ke hannunmu, amin.