Masu Tafiya Ci-Rani: A Bar Kayan Ɗaki A Gida

Da zarar an gama kaka an kai gero rumbu, duk wanda ya san ƙasar Atantane da ƙauyukan da ke tsakanin Mayahi da Tasawa ya san abin da ke biyo baya. Samari da magidanta sai su fara ɗaure kaya, wasu su nufi Katsina da Kano da Legas, wasu Kwatano da Abijan, wasu kuwa su yi arewa ta Agadas zuwa Aljeriya ko Libiya. Ba mu da ja da wannan tafiya, domin damina ɗaya ba ta ciyar da gida wata goma sha biyu. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne gardamar da ake yi a tsakar gida ana gobe tafiya, musamman idan maigida zai tafi da iyali: me za a ɗauka, me za a sayar, me za a bari?

Ra'ayinmu shi ne, matafiyi ya ɗauki abin da zai iya ɗorawa a ka, wanda kuma in ya salwanta gida ba zai durƙushe ba. Sauran a bar shi inda yake.

Dalilinmu na farko shi ne tarihi. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin mako biyu su fice daga Nijeriya, aka yi ta tururuwa a kan iyakoki, har da 'yan Nijar masu ɗimbin yawa. Daga nan ne jakar nan ta leda ta samo sunan "Gana-mas-go". Wanda ke da gado da kabad a ɗakin haya, sai dai ya sayar a wulaƙance ko ya bar wa mai gida. A 2011 da yaƙi ya ɓarke a Libiya, 'yan Nijar sama da 200,000 suka dawo, da yawansu daga su sai rigar jikinsu. Aljeriya kuwa tun ƙarshen 2014 take kwaso mutanenmu a manyan motoci zuwa Assamaka da Agadas, kuma ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga baƙi sama da 30,000 da aka koro zuwa Nijar a 2024 kaɗai. Wanda aka kama a bakin aiki ba a ba shi damar komawa ɗaki ya kwashe katifa da talabijin. Ashe ke nan tara kaya a ƙasar da ba ka da tabbacin kwana, asara ce da ke jiran ranarta.

Dalili na biyu ya fi damun mu. Kayan ɗakin mace, wato gado da katifa da kwalla da samira da sauran jere, uwa ce ta shekara tana tara su da kuɗin adashi da na ƙuli-ƙuli da kiwon awaki. A al'ada da shari'a mallakar matar ne, miji ba shi da iko a kansu. Su ne kuma asusun gida. Waɗanda suka ga yunwar 2005 a jihar Maradi ba su manta yadda kwano da akuyar mace suka koma tiyar hatsi ba. Saboda haka magidancin da ya lallaɓi matarsa ta sayar da jerenta don a biya kuɗin mota, ko ya lafta shi a kan mota zuwa wata ƙasa, ya taɓa abin da za a jingina da shi ranar da tafiyar ta ƙi. Masu iya magana sun ce gida biyu maganin gobara, to ina amfanin rushe na farko tun ba a ga kamannin na biyu ba?

Na uku, lissafi. A haɗa kuɗin lodin gado da turmi daga Tasawa zuwa Maradi, a ƙara na Ɗan Isa zuwa Jibiya da abin da za a kashe a shingaye, sai a tarar an kusa sayen sabo. Alhali kwanuka da robobin da ke kasuwanninmu da yawansu daga Kano aka kawo su. Iyaka ma ba ta da amana: an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har cikin 2024.

To me za a ɗauka? Farko takardu: katin ɗan ƙasa, takardar haihuwar yara da katin rigakafi, a kuma bar kwafinsu a gida. Tun ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025, sakaci da takarda ya ƙara zama ganganci. Sai kayan sana'a, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wanzami da zabirarsa, magini da cokalinsa. Sai tukunya ɗaya, buta, tabarma, gidan sauro da bargo. Mai bin hanyar hamada kuwa, jarkar ruwa ce gaba da komai. A Oktoban 2013 ƙishirwa ta kashe mutum 92 bayan motocinsu sun lalace a arewacin Arlit, 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata.

Mun san za a ce mace ba ta zama a ɗaki fayau, kuma kayan da aka bari gara na ci, dangi na ara ba su mayarwa. Wannan gaskiya ne, amma yana da magani. A rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya a gaban shaidu biyu, a damƙa su ga mahaifiyarta ko wadda ita ta amince da ita. In zama ya yi daɗi bayan shekara, sai a sayi na can sannu a hankali. Abin da aka samu kuma a riƙa turo shi gida ta hannun kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al-Izza, a mayar da shi tumaki da buhunan gero, maimakon a jibge shi a ɗakin haya.

Muna kira ga masu gari da limamai da shugabannin mata na yankin Atantane da su sa baki a wannan magana tun kafin a fara ɗaure kaya. Duk magidancin da ya zo yin sallama, a tambaye shi ko kayan ɗakin matarsa suna nan. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya.