FILIN KIWON LAFIYA: Karayar Da Ba Faɗuwa

Sanin kowa ne cewa a garin Gombe, daga Jekadafari har Pantami, idan mutum ya karye, maɗori ake fara nema. Ga yaron da ya faɗo daga bishiya, dalilin karayar a fili yake. Amma akwai wata karaya wadda ɗori ba ya yi mata magani, watau wadda ke samun dattijo yana tashi daga tabarma, ko uwargida tana ɗaga tulu, ba faɗuwa ba haɗari. Sau da yawa kafin ranar an daɗe ana fama da ciwon baya ko na kwatangwalo mai tsananta da dare, ana ce masa sanyin ƙashi.

Irin wannan ƙashi tun daga ciki aka cinye shi, kamar yadda gara ke cin azara. Daga cikin abubuwan da ke haddasa haka har da ciwon daji. To, abin lura shi ne, ga wanda ya haura shekara 40, dajin da aka gani a ƙashi galibi baƙo ne. Daga wata gaɓa ya taso ya biyo jini. Gaɓoɓi biyar ne suka fi aiko shi: nono, huhu, ƙoda, ƙullutun wuya inda maƙoƙo ke fitowa, da kuma furostet, wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Tun 1889 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya kwatanta al'amarin da shuka: iri yana watsuwa ko'ina, amma sai inda ƙasa ta karɓe shi yake tsira. Ɓargon ƙashi kuwa fadama ce ga wannan iri.

Wahalar ita ce wani lokaci ana ganin tsiron, ba a san inda uwar take ba. A nan ne aikin likita yake komawa na mai bin sawu. Da farko tambaya ce: shan taba, tari, fitsarin jini, ramewa. Sa'an nan ya duba nono da wuya, ya taɓa furostet da yatsa. Wannan mataki ne kunya ke sa mutane su ƙi, alhali kuwa babu mai arha kamarsa. Daga nan sai gwajin jini, har da na PSA ga maza, da auna sinadarin kalsiyam, da neman alamar dajin ɓargo. Bayan haka a ɗauki hoton ƙashin da na ƙirji, da hoton CT na ƙirji da ciki. Gutsuro ɗan nama daga wurin ciwon a duba da madubin likita shi ke zuwa a ƙarshe. Dalili kuwa, dajin da ya taso daga ƙoda yana zubar da jini ainun in aka taɓa shi ba shiri. Haka kuma tarin fuka da ya kama ƙashin baya yana kama da daji a hoto, shi kuwa ana warkewa daga gare shi.

Wannan tsari yana da amfani ƙwarai. A 1993 wasu likitocin ƙashi a Amurka suka bi shi a kan majiyyata 40, suka gano asalin ciwon 34 daga cikinsu, huhu ne kuma ya fi yawa. Gano asalin shi ke zaɓen magani: dajin furostet da yawancin na nono sukan lafa shekaru in aka toshe musu sinadarin jiki da suke ci. Ko da ba a gano ba, ana iya rage zafi, a sa ƙarfe a ƙashi kafin ya karye.

Mutanen Gombe ba su da nisa da masu wannan aiki. Asibitin tarayya da ke kan hanyar Ashaka, wanda aka kafa a 1996, ya zama Asibitin Koyarwa a 2014, yana da likitocin ƙashi da masu duba nama.

Saboda haka ya kamata maɗora su ma su riƙa tambayar yadda aka karye kafin su ɗaura kara. Wanda kuwa ciwon baya ya haɗa masa da mutuwar ƙafafu ko riƙewar fitsari, a kai shi asibiti a ranar, domin laka ce ake dannewa, kuma jinkirin kwana biyu yana iya zaunar da shi har abada. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.