Mu Kai Musu Alƙalami da Allura

Jama'ar Kumbotso, Kura da Bunkure, wace unguwa ce a cikinmu ba ta da yaro a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse? Wani ƙwacen waya ya kai shi, wani faɗan daba, wani tarar da bai iya biya ba. Da yawansu ma ba a yanke musu hukunci ba, domin mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi. Ranar ziyara mukan kai musu gari da ƙuli-ƙuli da sabulu mu juyo. Madalla da wannan. Amma wa ya taɓa tambayar abin da saurayi mai jini a jika yake yi da zuciyarsa daga asuba zuwa dare, wata da watanni, babu abin yi sai tunani?

A kurkukun Kaduna aka tsare Wole Soyinka lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1969, kusan duk zaman shi kaɗai a ɗaki. An hana shi takarda, sai ya riƙa rubutu a takardar bayan gida da tsakanin layukan ɗan littafin da ya faɗo hannunsa. Rubutun nan ya tsare masa hankalinsa, daga baya kuma ya zama littafin The Man Died na 1972, wanda ya nuna wa duniya abin da ake yi a bayan katanga. A Kenya, a kurkukun Kamiti Ngugi wa Thiong'o ya rubuta ƙagaggen labarinsa na farko da harshen uwarsa, Kikuyu, a 1978. Nan gida kuwa, sa'ad da 'yan NEPU ke shan ɗauri a hannun En'e, waƙoƙin irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja ne suka ɗauki kukan talaka gari-gari.

Kada a ce ai waɗannan manya ne. Baƙin cikin da ke cin babba a ɗaure shi ke cin yaron Panshekara, kuma magani ɗaya ne: hannu ya samu abin yi, baki ya samu hanyar amayar da abin da ke ciki.

Mu kuwa muna da abin bayarwa. Kura garin rini ne tun kaka da kakanni. Turkuɗin 'yan Kura har Agadas Buzaye ke naɗa shi. Wanda ya taɓa tsayawa a marina ya ga yadda ake tsamo zane daga karofi yana kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗa zuwa shuɗi, a kai shi mabuga a yi ta dukansa har ya ɗauki ƙyalli. Aikin haƙuri ne, kuma haƙuri shi ne abin da ya fi ƙaranci ga yaranmu da suka faɗa hannun hukuma. Tsofaffin marina da ke kukan babu magada, ga magada can a kulle! Masu ɗinkin hula, masu zayyana, masu rubuta waƙa, ku ma da ku ake.

Doka tana bayanmu. Tun 2019 aka sauya wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali. Suna kaɗai ba ya gyara kowa. Malamai da ɗaliban makarantar Sa'adatu Rimi da ke nan Kumbotso, da Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya reshen Kano, ku nemi izinin hukumar gidajen gyaran hali ku buɗe ajin rubutu da zane, ko da sau ɗaya a mako. Manoman shinkafa da tumatir na Kadawa, kuɗin buhu guda zai sayi takardu da zare da allurai masu yawa. Tunda ana maganar mayar da Kurmawa gidan tarihi, mu nemi a ware ɗaki ga aikin hannun waɗanda suka zauna a ciki.

Babban aikin yana ranar fitowa. Yaro ya dawo, a hana shi aiki, a hana shi aure, a kira shi tsohon fursuna har ya koma inda ya fito. Idan ya ɗinka hula, ku saya ku sa. Idan ya rubuta waƙa kan cunkoso da shari'ar da ba ta ƙarewa, masu unguwanni da limamai ku tara matasa su saurare shi, domin gargaɗinsa ya fi namu shiga kunnensu. Ziyarar da za ku je ta gaba, ku nemi izinin gandiroba ku haɗa da littafin rubutu da biro.