Sarkin Asaba, jinin cibiya da nonon mai jego

Ku da ke zaune a Ogui ta Inugu, da Anacha, da Fatakwal, da yawanku kun san sunan Farfesa Joseph Chike Edozien a matsayin Asagba, wato sarkin Asaba, garin da gada ce kawai ta raba shi da Anacha. Ya hau sarauta a 1991, ya rasu a watan Fabrairun 2024. Amma kafin sarauta likita ne mai bincike, kuma abin da ya bincika yana cikin ɗakin kowace mai jego.

An haife shi a 1925, ya yi sakandare a Anacha, ya karanta likitanci a birnin Dablin na ƙasar Ailan, sannan ya dawo ya koyar a Jami'ar Ibadan. A wancan lokacin likitoci sun lura da wani abin mamaki: a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, jariri sabon haihuwa bai cika kwanciya da shi ba, sai ya yi 'yan watanni sannan cutar ta far masa. Me ke kare shi da farko, kuma me ya sa kariyar ke gushewa?

A 1961 wasu masu bincike a Gambiya suka nuna cewa akwai sinadaran garkuwar jiki a jinin manyan da suka sha fama da zazzaɓin, kuma idan aka tace su aka ba yaro maras lafiya, ƙwayoyin cutar na raguwa a jininsa. A 1962 Edozien da abokan aikinsa Gilles da Udeozo suka buga nasu sakamakon a mujallar Lancet. Su ba jinin manya kaɗai suka gwada ba, har da jinin igiyar cibiya, kuma shi ma ya yi aiki. Ma'ana, uwa tana miƙa wa ɗanta garkuwarta ta mabiyiya tun yana ciki. Aro ne ta ba shi, kuma aro ba ya dawwama. Kafin wata shida ya kusa ƙarewa, alhali jikin yaron bai gina nasa ba tukuna.

Uwargida, a nan ne hatsarin yake. A Kano ko Katsina sauro ya fi yawa da damina, amma a Inugu da Fatakwal kusan duk shekara damina ce a wurin sauro. Don haka gidan sauro mai magani ba na wani lokaci ba ne, kullum ne. Kuma kada ki saki jiki ki ce jinjiri ba ya zazzaɓi. Yana yi. Jariri ɗan ƙasa da wata uku in jikinsa ya yi zafi, asibiti za a nufa a ranar, ba kemis ba. Mai ciki kuwa ta riƙa zuwa awo, domin daga wata na huɗu ake fara ba ta maganin rigakafin da aka fi sani da Fansidar, wanda ke hana ƙwayar cutar taruwa a mabiyiya ta tauye nauyin ɗan.

Lokacin yaƙin basasa Edozien ya koma Amurka, inda daga bisani ya shugabanci sashen nazarin abinci mai gina jiki a Jami'ar Arewacin Karolina. A 1976 ya fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a ƙauyen Najeriya: da aka ƙara wa masu shayarwa abinci mai gina jiki, ruwan nononsu ya ƙaru, jariransu kuma suka ƙara nauyi. Shi ne kuma ya jagoranci tantance shirin WIC na gwamnatin Amurka, mai tallafa wa masu ciki da ƙananan yara da abinci, aka samu yaran sun fi girma, ƙarancin jini ya ragu.

To maigida, wannan ɓangaren naka ne. Sau nawa ake cewa nonon wance bai isa ba, a ruga a sayo madarar gwangwani mai tsada, a dama da ruwan da ba a tabbatar da tsabtarsa ba? A ganina rabin kuɗin gwangwanin nan da an zuba shi a kwanon mai jegon da ya fi amfani. Wake, gyaɗa, ƙwai, busasshen kifi, awara, zogale. Ga okpa nan ana tallarta kowace safiya a Inugu, da gurjiyarmu ake yin ta, kuma tana gina jiki sosai. Kunun kanwa kam a yi hattara da shi, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kanwa da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Sai maganar dakashi, nonon farko mai kauri da wasu iyayenmu ke sa a matse a zubar wai ƙazanta ne. Cike yake da sinadaran garkuwa masu kare hanjin jariri daga gudawa. A sa yaro a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ci gaba da nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa. Bayan nan a fara kunu mai kauri da garin gyaɗa ko na waken suya, ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu.