Wanda Aka Kama Da Ƙwaya Ma Yana Da Haƙƙin Lauya

Akwai wata magana da ake yawan yi a majalisunmu, wai duk lauyan da ya tsaya wa wanda aka kama da taramol haram yake ci. Na san zafin da ke bayan maganar. Wanda ya ga ɗan maƙwabcinsa, saurayi mai jini a jika, yana tangaɗi tun hantsi, yawu na dalala, ba zai so a raga wa dillali ba. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna 'yan Najeriya kusan miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magungunan kashe raɗaɗi ba da umarnin likita ba. A watan Mayun shekarar ne kuma gwamnati ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan rahoton BBC ya tona yadda ake karkatar da shi zuwa kasuwar bayan fage. Annoba ce, babu musu. Duk da haka maganar majalisar nan kuskure ce, kuma talaka take cutarwa.

A duba nauyin hukuncin tukuna. Dokar hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da miyagun ƙwayoyi ba da izini ba, mai sayarwa kuwa zai iya fuskantar ɗaurin rai da rai. A Babbar Kotun Tarayya ake shari'ar, da Turanci. Yaron da ke tura baro a kasuwa, yaya zai yi ya kare kansa a wurin?

Kuma taramol ba hodar iblis ba ce. Magani ne da likita ke rubutawa, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta amince da mai ƙarfin miligiram 50 da 100. Irin su mai 225 ne na fasa-ƙwauri. Mai sikila da ciwo ya taso wa tsakar dare, da wanda ya karye, da mai fama da ciwon daji, duk ana iya samun ƙwaya a aljihunsu. Abin da ke raba su da mai laifi takardar likita ce, takardar da yawancinmu ke yarwa a ƙofar kemis. Don Allah a riƙa adana ta.

Mai gabatar da ƙara shi ke da nauyin kawo hujja, kamar yadda yake a shari'ar Musulunci. Sai ya tabbatar cewa an gwada abin a ɗakin gwaje-gwaje an ga ƙwayar ce, cewa wanda aka gwada shi ne wanda aka kama ba a musanya a hanya ba, cewa a hannun wanda ake tuhuma aka same shi, kuma da saninsa. Direban da aka ba saƙon kwali a tasha, ya san abin da ke ciki? Wannan tambaya lauya ne ya iya yin ta. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ɗauki wanda ake tuhuma marar laifi har sai kotu ta tabbatar, ya ba shi damar ɗaukar lauya da samun tafinta kyauta.

Na taɓa zama a barandar wata kotu kusa da wata dattijuwa da ta zo da kular abinci a leda. Ɗanta ya fito daga mota da ankwa a hannu. Ta ce min, "Sun ce masa in ya amsa laifi za a gama da wuri." Ba ta san akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ba, wadda gwamnati ta kafa tun 1976 domin marasa hali irinta. Ta sayar da akuyarta biyu, ta danƙa kuɗin ga wani ɗan tsakani da ya ce ya san hanya, bai sake waiwayarta ba. Yaron ya amsa laifin da aka karanta masa, uwar na ta share hawaye da gefen mayafi. Mai kwantena a tashar jirgin ruwa ba ya shiga kotu haka. Da manyan lauyoyi yake zuwa. Idan muka tsine wa aikin kare wanda ake tuhuma, ɗan wannan tsohuwa kaɗai muka hana.

Mu tuna wata ɗaliba 'yar Najeriya da aka kama a Saudiyya a watan Disambar 2018, ta tafi Umara tare da mahaifiyarta. An samu taramol a wata jaka mai ɗauke da sunanta, a ƙasar da ke yanke wa masu safarar ƙwaya hukuncin kisa. Da yawa sun riga sun yanke mata hukunci a bakinsu. Mahaifinta ya ƙi yin shiru, ya kai kuka, aka bincika, sai ga shi wasu ma'aikatan filin jirgin saman Kano ne suka liƙa sunanta a jakar da ba ta taɓa gani ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan wata huɗu a tsare.