Wa Ya Sace Takin Gonarmu?

Duk shekara, da zarar ganyen masara ya koma ruwan ɗorawa a tsakiyar damina, sai ka ji manoman garinmu suna rantsuwa cewa jabun taki aka sayar musu, ko kuma ruwan sama ne ya cuce su. Ban musa cewa akwai masu algus a kasuwa ba. Amma ina da ja a kan wannan hukunci, domin na ga yadda muke zuba yuriya: watsi muke yi da ita a kan kunya kamar mai ba kaji tsaba, mu karkaɗe hannu mu tafi gida.

Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, abincin da shuka ke yin ganye da shi. Ƙwayarta kuwa ba ta da haƙuri da laima. Raɓar asuba kaɗai ta isa ta narkar da ita. A nan asarar take farawa. Idan ta narke a sarari, ba tare da ruwan da zai kai ta ga saiwa ba, ƙwayoyin halittar ƙasa sukan sarrafa ta, wani kasonta ya zama iskar amoniya ya bi zafin rana. Manomi ya dawo bai ga fari-fari ba, sai ya yi hamdala, wai gona ta sha. Yayyafin da yake murna da shi ya fi rashin ruwan illa. Idan kuma marka ta kankama a watan Agusta, mamakon ruwa ya kwashe abin da ke sama, wanda ya shige jigawa kuma ya zama naitiret, ya zarce ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa.

Za a ce binnewa aiki ne, ƙwadago kuma kuɗi ne. Gaskiya ne, na yi shi, na san ciwon bayansa. To, amma wanda ya sayar da akuya ya sayi buhu, yaya za a yi ya ji ƙyashin tona ɗan rami mai zurfin yatsa a gefen shuka? A Sadore ta Jamhuriyar Nijar, masu binciken ICRISAT sun koya wa manoman gero auna taki da murfin kwalba su binne shi a gindin shuka.

Malaman gona nake tuhuma fiye da kowa. Sau nawa suka tsuguna a kunya suka nuna wa mahaifina yadda zai raba buhunsa biyu, ya sa rabi bayan noman farko, ya adana rabi sai masara ta kai gwiwa?