Mil Biyar, Kilomita Takwas

'Yan'uwa manoma, da yawanmu a Gurbin Bore mun tashi muna jin dattawa suna ƙirga tafiya da mil. Amma ƙasarmu ta sake awo tun da daɗewa. A 1972 motoci suka koma bin hannun dama, a 1973 naira ta maye gurbin fam, a 1974 kuma aka yi dokar awo mai aiki da mita da kilo da lita. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa da kilomita suka saba tun zamanin Faransawa.

To, me ya sa muke ta da maganar yanzu? Domin mil bai bar mu ba. Amurka da Ingila har yau da mil suke auna gudun mota, tsofaffin motocin da ake kawowa daga Amurka kuwa suna zuwa da agogonsu na can. Manyan lambobinsa mil ne, an rubuta MPH. Na kilomita ƙanana ne a ciki.

Ga haɗarin. Ƙungiya ta ɗauki hayar a-kori-kura za ta kai wake kasuwar Shinkafi. Direba ya ga allura a kan 60, yana tsammani kilomita ne, ashe kilomita 96 yake yi a awa. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta ce cikin gari kada a wuce kilomita 50, wato mil 31. Wanda ya riƙe 50 a agogon mil cikin garin Zurmi ko Ƙaura Namoda, kilomita 80 yake yi. In yaro ya gitta, nisan da motar za ta ci bayan an taka birki ya fi ninki biyu da rabi.

A gona ma haka ne. In littafin tarakta ya ce a yi feshi da gudun mil 5, mai tuƙi ya yi kilomita 5, maganin da zai zuba a kowace kadada ya ƙaru da fiye da rabi. Kuɗi ya tafi, shuka kuma tana iya ƙonewa.

Lissafin ba wuya. Mil 1 kilomita 1.609 ne, amma abin riƙewa shi ne mil 5 daidai da kilomita 8. Daga mil zuwa kilomita, a ninka sau 8, a raba gida 5. Daga kilomita zuwa mil, a ninka sau 5, a raba gida 8. 'Ya'yanmu na sakandare da ke koyon mita a daƙiƙa su ninka sau 3.6, sai kilomita a awa ta fito.

Waɗansu za su ce tsohon direba a jikinsa yake jin gudu. Gaskiya ne, amma mota mai laushi takan ruɗi jiki, kuma ba kullum tsohon direba ne a kan sitiyari ba.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya ta yi abu biyu. A taro mai zuwa sakatare ya rubuta a allo: mil 30 kilomita 48, mil 50 kilomita 80, mil 60 kilomita 96. Kuma kafin a ɗora buhu ko mutum a mota, wakilinmu ya leƙa agogon, ya tambayi direba wane awo yake karantawa. Allah ya kiyaye hanya.